Tambayarka Kan Sarkin Ingila

Ɗana, na ga saƙonka tun daren Talata, aikin dare ne ya hana ni amsawa sai yau. Ina taya ka murnar samun gurbin karatu a nan Birtaniya, Allah ya sa albarka. In na fahimce ka, abu biyu ke damun ka. Ka ga bidiyo a waya, mutane ɗauke da kwalaye masu ruwan ɗorawa suna ihu wai Charles ba sarkinsu ba ne, kana tsoron kada kuɗin filin da mahaifinka ya sayar su tafi a banza, ka zo ka tarar ƙasa ta hargitse. Sannan wani abokinka ya ce sai ka yi wa sarki mubaya'a kafin a bar ka ka zauna.

Bari in fara da zancen abokin naka, don ya fi sauƙi. Ɗalibi ba ya rantsuwa ga kowa. Sai ranar da mutum zai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ake wannan, kai kuwa kana da sauran tafiya kafin nan, in ma kana so. Ni na yi tawa a zauren ƙaramar hukuma a nan Manchesta, zamanin Sarauniya Elizabeth, mahaifiyar Charles, tana raye. Mu wajen talatin ne, da Indiyawa da Somalawa da wata tsohuwa 'yar Jamaika. An jingina hoton Sarauniya kusa da tuta, aka raba mana kati iri biyu: mai rantsuwa da sunan Ubangiji, da mai alkawari kawai ba tare da ambaton Allah ba, kowa ya zaɓi nasa. Muka ce za mu yi biyayya gare ta da magadanta bisa doka, aka sa taken ƙasa, aka ba mu shayi da biskit. Ko awa ɗaya ba a yi ba. Abin da ya faɗo mini a rai a wurin shi ne kakanka, Allah ya jiƙansa, da labarin da ba ya gajiya da bayarwa na yadda suka kai dawakai Kaduna a 1956 aka yi wa wannan matar hawan daba. Kafin in je sai da na tambayi malamin da na amince da shi. Kai ma in lokacin ya yi ka tambayi naka.

To, zancen hargitsi. Kafin komai ka cire hoton sarkin garinmu daga ranka. Namu yana zaman fada, yana raba rigimar gona da ta aure, yana naɗa hakimai, ka shiga ka cire takalmi ka zube. Na nan ba ya yanke hukuncin komai. Duk dokar da majalisa ta kawo masa sa hannu yake yi. Rabon da mai sarauta ya ƙi tun 1708. Jawabin da yake karantawa ranar buɗe majalisa, da kambi a ka, gwamnati ce ta rubuta masa, ko da bai yarda da kalma ɗaya a ciki ba. Amma ka lura da abin mamaki: namu da ake jin maganarsu, gwamna na iya tuɓe musu rawani tsakanin azahar da la'asar, ka dai ga abin da ya faru a Kano a 2020 da 2024. Wannan da ba ya cewa uffan, babu firaministan da ke kusantar kujerarsa. Turawan nan sun taɓa gwada zama ba sarki. A 1649 suka sare kan Charles na ɗaya, suka yi shekara 11 a haka, abin bai yi musu daɗi ba, a 1660 suka kira ɗansa ya dawo. Sannu a hankali aka sasanta: shi ya riƙe rawani, majalisa ta riƙe mulki.

Yanzu ko mutane na son sarautar? Akwai wani binciken ra'ayin jama'a da ake yi tun 1983. A shekarar farko kashi 86 cikin ɗari suka ce ci gaba da sarauta na da muhimmanci. A 2024 kashi 51 ne suka ce haka. Masu cewa a soke ta baki ɗaya sun tashi daga kashi 3 zuwa 15. In kuma aka tambaya kai tsaye, sarki ko zaɓaɓɓen shugaba, har yanzu masu zaɓen sarki sun fi yawa nesa ba kusa ba. Sai dai in ka raba su da shekaru za ka ga inda gizo ke saƙar: mafi yawan tsofaffi suna tare da ita, 'yan ƙasa da shekara 25 kuwa wajen ɗaya cikin uku ne kawai.

Wannan ba sai an karanta mini a jarida ba. Ka san a gidan kula da tsofaffi nake aiki. Ranar 8 ga Satumba 2022, da yamma, ina rabon magani aka katse shirin talabijin aka ce Sarauniya ta rasu. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura tamanin, ba ta iya tashi da kanta. Ta kira ni ta ce in ɗago ta, in gyara mata rigar sanyinta, ba za ta ji wannan labari a kwance ba. Tana hawaye tana ba ni labarin 1953, yadda duk layinsu suka cunkushe a falon maƙwabcin da ke da talabijin don kallon naɗin. Na fito baranda na tarar da abokiyar aikina, yarinya 'yar shekara 22, tana latsa waya. Tambayarta ɗaya: za a ba da hutu ranar jana'iza, kuma wanda ya yi aiki ranar za a ninka masa kuɗi? Ba ƙin Sarauniya take yi ba. Ko a jikinta ne kawai.

A ganina wannan yarinyar ta fi masu kwalayen da ka gani zama barazana ga fadar. Masu kwalayen 'yan wata ƙungiya ce mai suna Republic, suna da tsari, kuma sun ƙara suna ranar naɗin Charles, 6 ga Mayu 2023, da 'yan sanda suka kama shugabansu Graham Smith tun da sassafe, daga baya suka sake shi ba tuhuma. Amma ba su da yawa, kuma da jam'iyyar Leba da ta 'yan mazan jiya babu wadda ta sa soke sarauta a cikin alkawuranta. In ka ja Bature da zancen, yawanci inda yake tsayawa shi ne: to a cire shi a sa wa, tsohon firaminista Tony Blair ko Boris Johnson? Sai a yi dariya a canza magana. Liz Truss ma tana ɗaliba ta hau mumbari a 1994 ta ce a soke sarauta; ita ce kuma ta je har Balmoral, gidan Sarauniya a Sikotilan, Sarauniya ta naɗa ta firaminista kwana biyu kafin rasuwarta.

Abin da ke cin sarautar a hankali kuɗi ne da abin kunya. Kason da gwamnati ke ba fada ya daɗe a fam miliyan 86, a 2025 ya haura miliyan 130, wai don a ƙarasa gyaran fadar Buckingham. Masu kare ta za su ce ai daga ribar kadarorin sarauta ake cirewa, kuma ribar baitulmali take shiga. Gaskiya ne, amma je ka faɗa wa matashin da rabin albashinsa ke tafiya a hayar ɗaki ɗaya. Ga kuma Andrew, ƙanen sarki, da alaƙarsa da Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka samu da laifin lalata da ƙaramar yarinya; sai a Oktoban 2025 Charles ya tuɓe wa Andrew muƙamin yarima. Mutane da yawa sun ce an makara, ni ma haka na gani. Sarauniya ta yi shekara 70 a karaga, mafi yawan mutanen ƙasar ba su san kowa ba sai ita, kwarjininta ya rufe ɓarakar gidan. Ɗanta ya hau yana da shekara 73, ga rashin lafiyar daji da aka sanar a 2024. Ana tausaya masa, wasu na ganin girmansa, amma wancan kwarjinin an binne shi da mai shi. Tun Yunin 2024 aka fara sakin takardun kuɗi masu hotonsa, sai dai yaran yanzu da kati ko waya suke biya, wani sai ya yi wata bai ga fuskar sarkin ba.

Kuma ƙasar ba ɗaya ba ce. A Liverpool magoya bayan ƙwallo ihu suke wa taken ƙasa. A Sikotilan goyon bayan ya fi rauni. Mu baƙi ma kanmu a rabe yake. Akwai wanda in ya ga kambin nan ba abin da yake tunawa sai Lugga da 1903, da Sarkin Musulmi Attahiru da aka kashe a Burmi. Akwai kuma, musamman dattawan masallaci, masu ganin Charles ya fi 'yan siyasa da yawa mutunta Musulmi: tun 1993 ya yi jawabi a Oxford kan abin da Turai ta amfana da shi daga Musulunci, a azumin 2025 kuma aka yi buɗa-baki a cikin fadar Windsor. Ni duka biyun ina jin su a raina, ban ga dole sai na jefar da ɗaya ba. Shawarata dai, watanninka na farko ka zama mai sauraro. Kada ka ɗauka kowane Bature zai ji daɗi in ka yabi sarki, ko in ka zage shi.

In ka ce in yi hasashe, William, babban ɗan Charles, zai hau, kuma da wuya ka ga ƙarshen sarautar nan da idonka. Za dai ta yi ta ƙanƙancewa: 'yan gidan da ake ciyarwa su ragu, bukukuwa su ragu, ƙasashen waje 14 da har yanzu sarkin ne shugabansu su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Barbados ta yi a 2021, mu kuma muka yi tun 1963. Ranar da za a soke ta, in za a yi, da ƙuri'a za a yi, ba da duwatsu ba.

Hargitsin da na gani da idona a ƙasar nan ba ruwansa da sarki. A bazarar 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport, aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi, aka far wa masallatai da otal-otal ɗin da ake ajiye masu neman mafaka. Mako guda gwaggonka ba ta fita ita kaɗai ba. Wannan shi ne labarin da ya kamata ka riƙa bi, shi da sanarwar ma'aikatar cikin gida, don ita ke riƙe da wuyanka. Ita ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali tun Janairun 2024, ita ke karɓar fam 776 na kuɗin lafiya a kowace shekarar bizar ɗalibi, ita kuma ta sanar a 2025 cewa za ta rage wa'adin zama bayan kammala karatu daga shekara biyu zuwa wata 18. Ka duba yadda wannan zai shafi lissafinka kafin ka biya kuɗin makaranta.

Ka turo mini ranar jirginka in nemi hutu in tarye ka. Kada ka sayi rigar sanyi a gida, ta nan ta fi, akwai wadda na ajiye maka. Gwaggonka ta ce ka taho mata da kuka da daddawa da yaji. Kilishi kuwa kada ka soma, a filin jirgi za su karɓe. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka