Abin da ya sa muryoyin ajinka suke narkewa su koma ɗaya

Ɗana, na ji tambayar da ka kawo mini ranar Asabar. Ka ce ka raba 'yan CM1, wato aji biyar na firamare, gida biyu, na dama ka ba su waƙar, na hagu ka ba su murya ta biyu, kowane ɓangare ya iya nasa tsaf, amma da ka ce a haɗa, kafin a kai ƙarshen layin farko duk aji ya koma rera abu ɗaya. Har kana cewa ko yaran Damagaram ne ba su da kunne.

Kunne kam suna da shi. Yaron da tun yana goye yake bambanta wuya na jiki da wuya ta wahala, ba da komai ba sai hawa da saukar murya, ai ba a ce masa kurman sauti. Sabo ne ya yi maka cikas. Waƙarmu, daga gaɗar dandali har ta makaɗan fada, ɗaya ke bayarwa, 'yan amshi su karɓa baki ɗaya, wanda ya kauce shi ya ɓata. Shekara goma yaro yana koyon bin na kusa da shi, kai kuma rana ɗaya ka ce ya ji shi amma kada ya bi shi.

Kuma ka soma da mafi wuya. Muryar da ka ba na hagu tana tafe ƙarƙashin waƙar, kalma ɗaya, kiɗa ɗaya, in ta sama ta hau ita ma ta hau. Kunnen yaro bai da abin kamawa da zai ce wannan tawa ce, waccan tasu. Ni ma na sha wannan kunyar a farkon aikina, gaban mai duba makarantu, bayan mako uku ina shiri.

Ajiye waƙar tukuna. Ka tsaya kan sauti biyar: do, re, mi, sol, la. Galibin waƙoƙinmu a kan biyar suke yawo, sauran biyun kuwa, fa da si, rabin taki ne tsakaninsu da maƙwabtansu, nan ƙafar yaro ke zamewa. Kodály, masanin koyar da waƙa mutumin Hungary da ya rasu a 1967, da irin waɗannan biyar ɗin ya sa a fara wa yara, da baki kawai, ba kayan kiɗa. Kowane sauti ka ba shi alamar hannu, do dunƙule a gaban ciki, sol tafin hannu a miƙe, kana ɗaga hannun yadda sautin yake hawa. Kada ka rubuta komai a allo sai sun iya rera abin da hannunka ya nuna.

Daga nan sai riƙo. Rabin aji su riƙe do, su ja shi kamar mai algaita da ba ka jin inda yake shan iska; kowa ya numfasa lokacin da ya so, kada dai su yanke tare. Ɗaya rabin su bi hannunka: do, mi, sol. In an kai sol, tsaya, ka daɗe. Ka tuna musu kakakin ƙofar fada a Birnin Damagaram ranar Sallah, sautuka biyun nan da yake busawa kusan tazararsu ke nan. In do ya kaɗa iska sau 2, sol yana kaɗawa sau 3, shi ya sa suke zama lafiya da juna. In wani ya ɗan sauka, za ka ji sautin yana rawa cikin ɗakin, wau-wau-wau. Kada ka gyara da sauri. Ka ce, kun ji? Sai su gyara da kansu, rawar ta lafa, ka ga idanunsu sun buɗe. Bayan haka ka kai su re, su ji yadda yake gogar do, su zauna cikin gogar nan na numfashi ɗaya kafin ka maido su gida. Wanda ya iya tsayawa kan re alhali rabin aji na jansa zuwa do, ya gama da matsalarka.

Sauran sai ya zo da sauƙi. Ɗauki waƙar gaɗa da suka sani, 'yan amshi su riƙe sautin ƙarshe kada su saki har masu bayarwa su sake shiga. Sai waƙar bi-da-bi, wadda rukuni na biyu ke farawa bayan na farko ya yi gaba. Taka ta ranar nan ita ce ta ƙarshe, kuma ka lura: in muryar ƙasa ta sauka inda kalmar Hausa ke hawa, yara za su gyara ta ba da saninsu ba, don harshensu ya fi ka iko. Ba su “lu-lu” a maimakon kalmomi.

Muryarka ta namiji tana ƙasa da tasu da zango guda, wato tazarar do zuwa do na gaba, wasu kuma kai suke nema can ƙasa, su yi ta gurnani. Samu yarinya mai tsayayyar murya ta riƙa ba da sautin farko. Mai gurnanin kuwa kada ka ce ya yi shiru, na ga malaman da suka kashe wa yaro waƙa har girmansa da kalmar nan. Saurari sautin da yake kai, ka kira shi do, aji su same shi can, sannan ku hau tare.

Minti goma da safe ya isa, kafin zafi ya sauke musu murya. Ka bar fili tsakanin rukunan biyu, kai kuma ka daina rera wa ɗaya ɓangare, don duk inda bakinka yake can aji zai kwarara. Ranar Alhamis zan shigo in zauna a bencin baya. Do da sol kaɗai nake son ji.