Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Husufin Watan 2018 Ya Daɗe?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina tuna ranar Juma'a, 27 ga Yuli, 2018, da daddare wata ya yi husufi, manya suka fita sallah, yara kuma suna ta buga gwangwanaye, aka daɗe ƙwarai bai washe ba. Me ya jawo wannan daɗewa, kuma me ya sa ya yi ja maimakon ya ɓace gaba ɗaya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma ka yi sa'a idan hadarin damina bai rufe muku sama ba a daren, domin abin da ka gani shi ne husufin wata mafi tsawo a wannan ƙarni na 21. Wata ya shige inuwar duniya gaba ɗaya da misalin ƙarfe 8:30 na dare agogon Najeriya, bai fara fitowa ba sai ƙarfe 10:13, wato kusan awa 1 da minti 43.

Husufin wata yana faruwa ne a tsakiyar watan Musulunci, lokacin da duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa kansa. A wannan dare wata ya ratsa ta tsakiyar inuwar ne, kuma duk wanda ya ja layi a kan faifai ya san cewa layin da ya bi ta tsakiya ya fi na gefe tsawo. Bugu da ƙari, a ranar wata yana wuri mafi nisa daga duniya a kewayensa, kimanin kilomita 406,000, kuma idan ya yi nisa haka tafiyarsa takan ragu, sai ya ɗauki lokaci kafin ya ƙetare.

Jan kuwa daga iskar da ta lulluɓe duniya yake. Hasken rana da ya bi ta cikinta yakan rasa shuɗin launinsa, wanda ke warwatsewa, sai jan ya lanƙwasa ya isa fuskar wata, kamar dai jan da kake gani a yamma gab da magariba. Yawan ƙura a sama yakan sa jan ya ƙara duhu.

Idan ka lura da wani jan tauraro mai haske kusa da wata a daren, duniyar Mars ce, wadda a makon ta matso kusa da mu fiye da kowane lokaci tun 2003.