Amsa ga mai son karatun itace a Birazil

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma shi ne na huɗu daga Tawa a watan nan. Ka ce ka gama lisans ɗin noma a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kana so in buɗa maka hanya ka zo Birazil ka koyi inganta irin itatuwa, ka koma ka mayar da Adar kore shar. Maganar Adar ɗin ce ta sa na zauna rubutu.

Ka san abin da muke yi a nan? Turare, itacen nan da ake kafawa a bakin lambuna a gida, ɗan asalin Ostareliya. Kamfanonin takarda ke shuka shi, su sare bayan shekara 6 ko 7, su niƙe. Mu namu shi ne mu haɗa iri biyu, galibi turaren da ake kira grandis mai saurin girma da wanda ake kira urophylla mai jure cuta, mu shuka 'ya'yansu dubbai, mu tsamo 'yan ƙalilan. Wanda ya yi zarra ba a sake shuka ƙwayarsa, tohonsa ake yanka ana dasawa kamar rogo. Sai ka yi ta gudu a mota cikin gona ɗaya, duk itacen da ka wuce mutum ɗaya ne. Hekta guda kan ba da itace wajen mita kubik 35 a shekara, amma fa inda ruwan sama ya haura milimita 1000. Tawa in ta samu 400, damina ta yi albarka. Ka yi lissafin da kanka.

Shekaruna uku na farko, tef ne a hannuna. In zagaya shi a jikin itace daidai ƙirji, mita 1.30 daga ƙasa, in faɗi lamba, in matsa gaba, tun safe har la'asar, da dare kuma in zauna cire kaska daga ƙafa. Akwai wata tururuwa mai yankan ganye da ta tuɓe mini layin gwaji tas a dare guda. Daga ranar da ka haɗa iri zuwa ranar da za a yarda a shuka shi a gonar kasuwa, ka ƙiyasta sama da shekara 10. Ɗaya daga cikin nawa ya kai, alhamdu lillahi, kuma ba wanda ya ɗora ni a kai. Sai dai lamba ce a jikinsa, ba sunana ba. Na sa hannu a takarda tun farko cewa dukiyar kamfani ce, ko reshe ɗaya ba ni da ikon sawa a jaka.

Wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da na tarar a gida. Na rubuta tsarin zaɓen dakwara mai yawan ƙaro, na kai wani ofis a Yamai lokacin hutu. Kwana uku ina kan benci, kullum maigida ya fita. Har yau ko "mun gani" ban samu ba.

Faransancinka ba zai saya maka ko burodi ba, sai Fotugis, kuma akwai jarrabawarsa, Celpe-Bras. In kana gudun lissafi, kar ka taso, rabin aikin ƙididdiga ce a kwamfuta. Abinci kuwa, wake da shinkafa kullum, kamar gida, amma ka riƙa tambaya, don sukan jefa alade a tukunyar waken.

Ni da ina shekarunka, da na fara duba ƙofar gida. Layukan dogon yaro na kwarin Majiya, a jihar Tawa, tun 1975 suke tare iska. Manoman Maradi da Damagaram sun raya gawo da sauran itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 ta hanyar barin toho kawai, ba irin da aka kawo musu daga waje. A Sadore, kusa da Yamai, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yi wa magarya aure da irin Indiya, wato ta haɗa reshen ta Indiya a jikin ta gida, 'ya'yan suka ninka na daji girma. Je ka koyi auren nan da hannunka. Sannan ka zaɓi dakwara 30, ka sa musu lamba, ka auna ƙaron kowace ɗaya rani biyu a jere, ka turo mini littafin. Da shi zan iya tunkarar wani malami a nan in ce ina da yaro. Takardar lisans kaɗai, suna da irinta cike da durowa.

Ka gai da Inna, ka ce mata saƙonta na nan tafe ƙarshen wata.