Ta yaya ake canja firaminista ba tare da an yi zaɓe ba?

Tambaya: A 2022 Birtaniya ta yi firaministoci uku, alhali ba a yi babban zaɓe ba. To wa ke zaɓar firaminista ke nan?

Amsa: Malam, a tsarin majalisa jama'a ba sa jefa wa firaminista ƙuri'a kai tsaye, 'yan majalisa suke jefa wa ƙuri'a. Birtaniya na da mazaɓu 650, kuma wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗaukar kujerar, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce. Jam'iyyar da ta kai kujeru 326 ta samu rinjaye, sai sarki ya gayyaci shugabanta ya kafa gwamnati, shi kuma ya ɗauko ministocinsa daga cikin 'yan majalisa. Da jam'iyyar Conservative, mai rinjaye a lokacin, ta sauya shugaba daga Boris Johnson zuwa Liz Truss, sannan Rishi Sunak, kujerunta na nan daram, don haka mulki ya ci gaba da bin duk wanda ta ɗora a gaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan babu jam'iyyar da ta kai rinjaye. Nan ake zaman ciniki: wa zai riƙe ma'aikatar kuɗi, wane alkawarin yaƙin zaɓe za a jingine. A 2010 Conservative ta tsaya a kujeru 306, sai da ta haɗa kai da Liberal Democrats masu 57. A Jamus, inda ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da jam'iyya ta samu, gwamnatin haɗin gwiwa ta zama ruwan dare. Beljiyam kuwa, bayan zaɓen 2010, ta kwashe kwana 541 ana kai ruwa rana, gwamnatin riƙon ƙwarya na riƙe da ƙasa.

Kuma rinjayen nan dole a riƙe shi kullum. Ranar da abokan haɗin gwiwa suka janye, gwamnati na iya faɗuwa a ƙuri'ar amincewa, kamar yadda gwamnatin firaminista Vajpayee ta faɗi a Indiya a 1999 da ratar ƙuri'a ɗaya tak. A ganina dabarar Jamus ta fi tsare ƙasa daga rikici: majalisa ba ta tsige shugaban gwamnati sai ta zaɓi magajinsa a wannan ƙuri'ar. Ta haka Helmut Kohl ya karɓi mulki daga hannun Helmut Schmidt a 1982.