Daren Riyad ba a ƙofar gida yake ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wurin aikinku za su turo ka Riyad na sati uku, kana tambayar abin da mutum ke yi da dare a garin da ba ka san kowa ba sai kawunka. Sai da na yi dariya, don na hango ka a majalisarku ta Fagge, ana musun ƙwallo har mai shayi ya kwashe kofunansa.

To, irin wannan majalisar ba za ka gan ta a nan ba. Farkon zuwana na sha fita bayan Magariba ina neman inda aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ina! Katanga ce doguwa, ƙofa a kulle, ba ka jin komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Da bazara zafi kan haura digiri 40, shi ya sa garin ba ya motsi sai an idar da Isha'i. Sha ɗayan dare, lokacin da ake sakaya ƙofa a Kano, za ka ga magidanci da 'yan yaransa yanzu suke shiga kasuwa.

Mu tamu hirar a istiraha muke yin ta. Fili ne mai katanga a bayan gari, da zauren zama da wurin gashi, mata kuma da nasu ɓangaren. Karo-karo ake yi a kama shi na dare guda, yawanci daren Alhamis, tunda aiki a nan Lahadi ne zuwa Alhamis. Ba a faɗawa haka kawai kamar yadda za ka ja benci a gida. Sai wani ya kai ka. Ni zan kai ka.

A can za ka tarar da mu iri biyu. Akwai irina da muka zo da fasfo, akwai kuma waɗanda kakanninsu suka tako a ƙafa ta Chadi da Sudan domin aikin Hajji, suka zauna Makka da Madina da Jidda. Su ne masu laƙabin Hausawi, kamar Osama Hawsawi da ya yi wa Saudiyya kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018. Hausar wasunsu rabi Larabci ce, wasu ma gaisuwa kawai ta rage musu. Kada ka yi dariya, kada ka ce "a Najeriya kai ɗan ina ne?", don da yawansu 'yan ƙasa ne, ba su taɓa ganin Dala ba. Kalmar nan "takari" da kuke jefawa a Kano kuwa, ka bar ta a gida. Tana yi musu ciwo. Amma in aka ɗora nama za ka gane jini ɗaya ne: tsirenmu ne da ƙulinsa da yajinsa, har Larabawan Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, suka karɓe shi suna ce masa siriya.

Gahawa da hannun dama ake karɓa, ɗan kaɗan a gindin kofi, da dabino. In ta ishe ka, girgiza kofin kafin ka miƙa. Ni da ban sani ba, sai da na sha bakwai, ranar ban runtsa ba.

Sauran darare jirgin ƙasan cikin gari ya wadatar da kai. A Disambar 2024 ya fara aiki, layukansa suka cika shida a Janairun 2025. Ka je ganuwar Masmak, wadda Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a 1902, ka zarce kasuwar Zal da ke kusa ka shaƙi turaren wuta. Unguwar Bat'ha kuwa Sabon Gari ce sak, ba za ta burge ka ba. In zuwanka ya dace da wasan Al-Nassr, inda Ahmed Musa ya buga daga 2018 zuwa 2020, ka yanki tikiti ta waya tun da wuri. In kuma lokacin sanyi ne, za mu fita rairayin Sumama da ke bayan gari mu hura wuta, sai ka taho da rigar sanyi ta gaske, ba ta hunturun Kano ba.

Ka riƙo mana kuka da daddawa, amma ban da goro, ba a shigowa da shi. Kuma ko waye ya ba ka saƙo a filin jirgi, kada ka karɓa. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka turo min ranar tashinku.