Amsa ga mai neman babbar mota mai sauƙin kuɗi: Avalon, Impala ko Chrysler 300

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kuɗinka ba su da yawa, kana son babbar mota ta ɗaukar iyali, kuma an nuna maka Toyota Avalon 2006, Chevrolet Impala 2005 da Chrysler 300, sai dillali ya ce maka injin Impala tsohon yayi ne tunda bawul 12 gare shi, na Avalon kuwa 24. Wallahi na san wannan ruɗanin, na shige shi, shi ya sa na kasa yin shiru.

Maganar dillalin da gaskiya a ciki, amma rabinta ya faɗa maka. Injin Impala mai lita 3.8 irin mai sanda ne, wanda makanikai ke cewa fushrod. Kam, wato ƙarfen da ke juyawa yana sa bawul buɗewa, ɗaya ne tak, yana zaune cikin bulok a tsakiyar injin, shi ke tura lifta, lifta ta tura sanda, sanda ta daki roka, roka ta danne bawul. Kowace silinda bawul biyu. Sarƙar taimin ɗinsa 'yar gajeruwa ce, da wuya ka ji ta ba mutum matsala, kuma tof ɗin, wato kan injin da ke rufe silinda, ba shi da tarkace. Aibinsa shi ne ba ya shaƙar iska sosai in an taka wuta, shi ya sa duk girmansa ƙarfin doki 200 yake bayarwa. Na Avalon, 2GR-FE mai lita 3.5, kam huɗu ne a saman tof, bawul huɗu kowace silinda, yana ba da doki wajen 268. In ka zo wuce tirela a hanyar Gusau za ka ji bambancin a ƙafarka. To amma wannan ƙarfin da sharaɗi ya zo. VVT-i ɗin da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin baƙin mai yake aiki, man yana bi ta wata 'yar solenoid da wani ɗan rariya ƙarami. Mai ya yi datti ko ya yi kauri, shi ke nan an fara.

Nan ne abin ke ƙona mini rai. Mutum zai tara kuɗinsa shekara da shekaru ya sayi mota lafiyayya, ya kai sabis, a ce masa ai zafin Sakkwato sai mai kauri, a ɗura mata 20W-50 na buɗaɗɗen galan wanda ba a san asalinsa ba. A murfin mai an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro, ba mai dubawa. Bayan 'yan watanni in ka tada ta da asuba sai ka ji kar-kar-kar na daƙiƙa biyu ko uku, fitilar cek injin ta kama, mota ta yi nauyi, ta soma shan fetur. Ka koma, wanda ya zuba man shi ne zai ce maka ai dama injinan nan ba su da ƙwari. Sannan ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye wai don kada ta yi zafi, ya juye jan ruwan lagireto ya cika da ruwan rijiya. Ruwan nan ya yi ta cin wata famfo (famfon ruwan inji) da lagireto ta ciki har ranar da allurar zafi za ta haura tsakanin Tambuwal da Jega, da rana tsaka cikin watan Afrilu, ga mata da yara a baya, ba inuwa, gasket ya ƙone, tof na alminiyan ya lanƙwashe. Kuma ba zai taɓa cewa laifinsa ba ne. Sai dai ya ce Alhaji a sayo wani inji. Allah ya isa, haƙƙin mutane ake ci da sunan gwaninta. Injin Impala mai bulok da tof na ƙarfe ya fi jure irin wannan wulaƙancin, wannan kam gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da mai sanda ya fi mai kam huɗu da shi a garinmu.

Amma kada ka ɗauka Impalar ba ta da nata ciwon. Manifol ɗinta na sama, wato mashigar iska, roba ne, yakan ci wuta kusa da bututun EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, gasket na ƙasa kuma yakan saki ruwa cikin inji. In ka ga ruwa na raguwa ba ka ga inda yake ɗiga ba, ko ka buɗe murfin mai ka ga abu kamar madara da shayi, tafi abinka. Giyarta ma in ta ɗau zafi takan riƙa duka wajen canji, don haka kada ka yarda da zagaye ɗaya na bayan layi, ka tuƙa ta minti 20 ko fi. Sannan kayan gyara. Abin da za ka samu na Toyota a cikin gari yau, na Chevrolet sai an kira Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokacin sai Ladipo a Legas, mota na kwance kana jiran direban haya.

Chrysler kuwa, tambayi girman injin kafin ka tambayi kuɗin. In 2.7 ne, don Allah ka bar ta ko da kyauta ce. Wata famfonta a cikin inji take, sarƙar taimin ke juya ta, in ta soma yoyo ruwan na iya gangarawa cikin baƙin mai, ga shi injin dama ya yi suna wajen daskarar da mai. In 3.5 ne, bel ke ja masa taimin, kuma irin injin nan ne da in bel ya tsinke fistin ke dukan bawul ya lanƙwasa su. Ka saye ta, ranar farko ka canza bel da tenshina da wata famfo gaba ɗaya, kada ka saurari "ai an canza a Turai". Mitar kilomita ma ba abin yarda ba ce, ana mayar da ita baya.

Ni dai Avalon zan ce maka, amma ka je mata da sassafe ba tare da ka faɗa musu lokaci ba. Ɗora hannu kan inji ka tabbatar da sanyi yake, don masu wayo kan tada ta kafin ka iso, ƙarar nan ta ɓace. Haska tocila ta ramin zuba mai: launin zuma ko ruwan ƙasa mai haske lafiya, baƙin abu mai kama da kwalta kuwa an cuce ta. Ka sa makanikinka ya duba bututun man VVT-i na tof ɗin baya. Na asali a waɗannan shekarun akwai guntun roba a tsakiyarsa, yana fashewa ya zubar da mai duka cikin 'yan mintuna, Toyota da kanta ta koma yin na ƙarfe zalla. In mai roba ne, canza shi kafin ka yi tafiyar ko Bodinga ce. Dubi gefen wata famfo ko akwai busasshen abu ja-ja. A sa na'ura a karanta, in lambar P0012 ko P0016 ta fito maganar taimin ce, ka rage kuɗi ko ka haƙura. Dashbod ɗinsu ma yana tsagewa ya yi danƙo a rana, wannan ba na inji ba ne amma ka nemi abin rufewa, kuma motar tana ƙasa, ka lallaɓa ta a kan tudun rage gudu in ka cika ta.

In ka saya, baƙin mai lita shida da ɗan ɗori take sha, 5W-30 a rufaffen galan, kai ka sayo da hannunka ka tsaya a zuba gabanka. Saboda ƙurarmu kada ka wuce kilomita 5,000, filta ta takarda ce, a canza ta kowane sabis tare da robobinta. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe iya kilina, wato matatar iska, duk sati biyu. Fulogi ukun baya sai an ɗaga manifol kafin a kai gare su, wasu kan canza na gaba su karɓi kuɗin shida, to ka ce a ba ka tsofaffin shida a hannu. In ka je ganin ta, ɗauki ƙarar injin da wayarka lokacin tashin farko ka turo mu saurara tare.