Amsa: Siket ɗin duwatsun matan Ndebele

Malama Hauwa, wannan da kika tambaya ko ado ne kawai, a'a wallahi, a wajen 'yan Ndebele na Afirka ta Kudu shi ke nuna matsayin mace. Ƙaramar yarinya lighabi take ɗaurawa, ɗan ƙarami mai geza, in ta zama budurwa an yi mata bikin balaga sai isiphephetu mai tauri mai kusurwa huɗu. Matar aure kuma ijogolo, ranar biki ake sa shi, fatar akuya ce aka ɗinke da ƙananan duwatsu ɗaya bayan ɗaya da hannu, ƙasansa harsuna 5 suna reto. Na da can fararen duwatsu sun fi yawa, ni kam su suka fi burge ni.